Makunnin Ƙarƙashin Kuloci

Yaya ya kawo tankar ruwan da yake ja garejinmu ranar Litinin da hantsi. Ya tsayar da ita a bakin rumfata har inuwarta ta rufe min teburin aiki. Tsohuwar mota ce mai shan dizal, fenti ya koɗe, ruwa na ɗiga daga gindin tankin. Ya diro, ya jefo min wani guntun katako kan tebur.

"Injiniya, ga abokin aikina. Yau a sallame shi."

Ni ba injiniya ba ne. Wayarin ɗin mota nake yi tun da na bar sakandare. A gida Auta ake ce min.

Katakon na san shi. Yaya ruwa yake kai wa gidajen bene, kuma injin motar ne ke juya famfon da ke tura ruwan sama. In inji na silo, wato yana juyawa a hankali mota na tsaye, ruwan ba ya wuce hawa na biyu. Sai an ba shi wuta. To mutum ɗaya ba zai taka totur a gaba kuma ya riƙe tiyo a baya ba. Shi ya sa yake tokare totur da katako, ɗaya bakin a jikin kujera. Makon da ya wuce katakon ya zame ya danne totur har ƙasa. Inji ya yi kururuwa, tiyo ya fashe, ruwa ya wanke wa wata mata shanyarta da ita kanta. Mai motar ya ce a sa abin arziki.

Abin arzikin ba wuya gare shi ba. Wani ɗan ƙarfe ne mai maganaɗisu, in ya samu wuta sai ya ja hannun totur a jikin inji ya riƙe. Na yanka masa mazauni daga wani tsohon faifan ƙarfe, na ɗaure, na sa 'yar sarƙa tsakaninsa da hannun totur. Na yi ta rage sarƙar ido ɗaya-ɗaya har allurar inji ta tsaya a dubu ɗaya da ɗari huɗu. Na huda dashbod na sa makunni. Fis, rile mai kai masa wuta, salatif. Kafin rana ta take na gama wannan.

Saura abin da ya fi damuna.

Na taɓa bin Yaya aiki, na ga yadda yake yi. In zai saka famfo ko zai cire, ba ya hawa motar. Ƙofa yake buɗewa ya tsaya a ƙasa, ya danna kuloci da hannun hagu, ya miƙa na dama ya lalubo sandar famfo. Sandar famfo da sandar giya kuwa tazararsu ba ta fi tafin hannu ba, giyar ma ta sake, ko yaro ya taɓa ta shiga take yi. A gabana ya taɓa jan giya a maimakon famfo. Da ya saki kuloci motar ta yi 'yar zabura, inji ya mutu, ya yi dariya ya sake tayarwa. A silo inji mutuwa yake yi. A dubu ɗaya da ɗari huɗu ba zai mutu ba. Tafiya zai yi, mutum na tsaye a ƙasa a cikin ƙofa.

Don haka na bi da wayar ta ƙarƙashin kuloci. Ɗan makunni ne ake sawa a wurin, da an taɓa kuloci sai ya yanke wuta, inji ya koma silo, kuma ba zai sake tashi ba sai an danna na dashbod. Sabo babu a layin masu kayan gyara. Na zaga shago shida. Na ƙarshe ya ce zai sa a kawo masa, in duba ƙarshen mako. Na dawo na kwance wani daga jikin wata matacciyar akori-kura da ke bayan gareji. Sifirin ɗinsa ya yi laushi. Na gani, na hure shi, na goge, na ɗaura.

Na kira Yaya daga wurin mai shayi.

"Danna wannan."

Ya danna. Inji ya ɗaga murya ya tsaya cak a wuri ɗaya.

"Yanzu taɓa kuloci."

Ya taɓa. Murya ta faɗi.

"Kai! Ashe kuɗin makarantar ba duka ya bi ruwa ba."

"Na ƙasan na wucin gadi ne. Sabo na zuwa."

"Kowa na wucin gadi ne, Injiniya. Matsa min in wuce."

Kwana biyu ban ji komai ba. Gida ɗaya muke, shi da matarsa da 'yarsu a ɗakin gaba, ni a na kusa da ƙofa, Inna a tsakiya. Yana fita kafin in tashi, yana dawowa ya ci abinci ya kwanta. Ranar Alhamis da safe na fito na tarar da shi zaune a tsakar gida bai fita ba. Inna na gefe tana tsince shinkafa a faranti.

Ko gaisuwata bai amsa ba.

"Abinka ya mai da ni mahaukaci."

"Me ya yi?"

"Ina bisa bene ina riƙe da tiyo, sai in ji inji ya kwanta. Ba wanda ya taɓa shi. In sauko hawa huɗu, in danna, in koma. Kafin in kai sama ya sake kwantawa. Jiya sau bakwai a gida ɗaya. Matar gidan ta ce in dai motsa jiki na zo yi, akwai fili."

Na san abin da ya faru. Girgizar inji ce take kaɗa tsohon makunnin, shi kuma sifirin ba ƙarfi, sai ya ɗauka an taɓa kuloci.

"Ka haƙura zuwa Asabar."

"Gida biyu sun kira wata tankar. In suka saba da ita, shi ke nan. Cire min na ƙasan kawai, na sama ya ishe ni."

"Ba zan cire ba."

"Me ka ce?"

"Na ƙasan shi ne aikin. Na sama ko wa zai iya sawa."

"To ba ni katakona."

"Na jefar."

Ƙarya na yi, yana ƙarƙashin teburina. Ya miƙe tsaye. Ya fi ni tsawo, ya fi ni faɗi, ya ba ni shekara tara. Shi ya riƙe gidan tun rasuwar Baba.

"Shekara goma sha ɗaya ina jan mota. Kai da ko keke sai da na riƙe maka sirdi, yau kai za ka koya min taka kuloci?"

"Ai ba takawa kake yi ba. Da hannu kake dannawa, kana tsaye a ƙasa."

"Sai me?"

"Ka hau ka zauna kamar kowane direba."

"Hawa ashirin a rana? Da gwiwar wa, taka?"

Inna ta ajiye farantin.

"Auta."

"Na'am."

"Abin nan da yake roƙonka, ka iya ko ba ka iya ba?"

"Na iya, Inna, amma…"

"To yi masa. Ba kwana biyu ka ce ba? Ɗan'uwanka na neman na bakin yara kana ja masa rai a kan waya. Kai komai sai ka sa masa dogon tunani."

Matar Yaya na bakin ƙofarta da 'yar a goye. Kallona kawai take yi irin kallon da ake wa mai rowa.

Da na sani na ce ban iya ba.

A gareji na kwanta rigingine a ƙasan sitiyari, na zare wayoyi biyu daga tsohon makunnin, na haɗa bakinsu da wani guntu da bai kai yatsana ba. Na naɗe da salatif. Ko minti biyu ban yi ba. Yaya ya danna na sama, inji ya tashi. Ya taka kuloci, inji bai ko kula shi ba.

"Yauwa. Yanzu ka yi aiki."

"Ka saurare ni. Kafin hannunka ya taɓa kuloci, ka kashe na sama. Kullum. Ko gobara ake yi."

"Na ji, malam."

Na ɗauko jan fenti da ɗan buroshi, na rubuta a cikin ƙofar direba da manyan baƙaƙe: KASHE TUKUNA. Ya tsaya yana karantawa da ƙarfi yana jan kowane harafi kamar ɗan aji ɗaya, makanikai na dariya.

"Saura ka zana min hoton Inna a ƙasa tana nuna ni da yatsa."

Ya ja motar ya fita. Ruwan da ya ɗiga ya bar layi har bakin titi.

Ranar ban yi aikin kirki ba. Wata ƙaramar mota aka kawo fitilarta ba ta kamawa, na yi awa ina neman abin da fis ne kawai. Duk tankar da ta wuce sai na ɗaga kai. Juma'a da safe na je wurin mai kayan gyara, ya ce ba Asabar muka yi ba? Na koma da yamma. Ya ce ko matarsa ba ta zuwar masa shago sau biyu a rana.

Asabar wajen ƙarfe biyu ya kira ni. Na je na karɓa. Ɗan abu ne baƙi a cikin leda, sifirin ɗinsa da tauri, in ka danna sai ya ce ƙas. Na sa a aljihun gaba, na kira Yaya.

"Ya zo. Kawo motar."

"Ina da sawu biyu. Sai Litinin."

"Kana ina?"

"Kai fa kana da naci."

"Kana ina, Yaya?"

Ya kwatanta min. Na ɗauki filaya, sukundireba da sifana goma, na hau babur.

Bene ne mai hawa huɗu a wani matsattsen layi. Get ɗin gidan ƙarami ne, don haka da baya ya shigar da motar. Tankin na ciki, kan motar na waje a bakin titi, ginshiƙan get ɗin na gefe da gefe, mutum sai ya karkace zai wuce. Ƙasar wurin ta gangaro wajen titi, ya sa waiji a gaban taya. Inji na ta ruri, tiyo ya miƙe ya hau bango. Yaya na zaune a kan benci tare da maigadin gidan, wani dattijo mai rediyo a cinya, suna cin gyaɗa. Gidan nan akwai bututu tun daga ƙasa, ba sai ya hau ba.

"Baba maigadi, ga shi nan. Shi ne wanda na ce maka yana ba ni umarni da jan fenti."

Dattijon ya ce, "Ƙanin kirki ke nan. Nawa ko waya ba ya ɗauka."

Na ce a kashe in ɗaura.

"Ruwa na tsakiyar hanya za a kashe? Zauna. Minti goma."

Na zauna. Ya zuba min gyaɗa a hannu. Rabon da mu zauna haka ni da shi har na manta. Ya ce mai motar na maganar sayo wata sabuwa, in ta zo ni zan yi mata wayarin, ya riga ya faɗa masa. Ya ce 'yarsa ta fara kiran kowace tanka Baba, har ta masu kwashe masai. Maigadi ya yi dariya har da tari. Ni ma na yi. Hannuna na kan aljihu.

Daga sama wata yarinya ta leƙo ta ce tankin gidan ya cika, yana zuba.

Yaya ya miƙe yana kakkaɓe ɓawon gyaɗa.

"Je ka baya ka rufe min bawul, mai jan hannu. In cire famfo, sai ka yi tiyatarka."

Na karkace na wuce ta jikin ginshiƙi, na shiga cikin gidan. Na tsuguna a bayan motar, na kama bawul. Yana da tauri, sai da na sa hannu biyu. Ina cikin murɗawa na lura da abin da kunnena ke ji. Inji bai sauka ba. Ƙofar direba kuwa na ji ƙarar buɗe ta.

Na leƙa ta gefen tanki. Ta tsakanin ginshiƙi da mota na hango ƙafafunsa a ƙasa, rabin jikinsa a cikin mota. Ƙofar a buɗe take, ya ba ta baya. Rubutun da na yi yana bayan ƙeyarsa. Kwana biyu ina tunanin rubutun nan, ban taɓa tuna inda mutum yake fuskanta ba in ya tsaya a wurin.

"Yaya! Kashe tukuna!"

Ni kaina ban ji muryata ba.

Motar ta yo baya. Ba zabura ta yi ba, tahowa ta yi da ƙarfinta, birkin hannu na ƙara kamar ana yanka ƙarfe. Waijin na gaba, ba abin da ya tare ta. Na faɗa gefe cikin kwata. Sai na ji ƙarar ƙofa ta haɗu da ginshiƙi, motar ta tsaya tana karkarwa, tayoyin baya na tonon ƙasa.

Ta gefensa ba hanya. Na zaga ta ɗaya gefen, rigata ta yage a jikin get. Ƙofar fasinja ba ta buɗuwa ta waje, na sani, shekara guda yana cewa in gyara. Na taka taya na shiga ta taga da kai. Na mari makunnin dashbod, na ja abin kashe inji.

Shiru. Rediyon maigadi kawai ke magana a ƙasa inda ya faɗi.

Yaya na tsakanin ƙofa da ginshiƙi, daga ƙugu zuwa ƙasa. Ƙofar ta lanƙwashe ta rungume shi. Kansa na kan kujerar direba, dab da gwiwata. Idonsa biyu. Ba jini a fuskarsa, ba ihu. Gumi kawai.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Ribas na ja."

"Na gani."

"Sa ta a firi. Kar ka tayar."

Na taka kuloci ta saman kafaɗarsa, na fitar da giya.

"Ce wa Baba maigadi ya cire waiji. Sai ka saki birki… a hankali. Za ta gangara da kanta."

Maigadi na ta salati, ya sa ƙafa ya doke waijin. Na saki birki kaɗan-kaɗan. Motar ta matsa gaba kamar taku ɗaya. A nan ne Yaya ya yi ƙara, sau ɗaya, ya sulale ƙasa. Mutanen layi suka taru. Wani ya ce a ɗaga shi zaune, wata mata daga bene ta ce kar wanda ya lanƙwasa shi, ta sa aka ciro ƙyauren wani shago. A kansa muka ɗauke shi.

A asibiti suka ce ƙashin ƙugu ya karye wuri uku, kuma abin ya taɓa gadon baya. Suka shiga da shi. Muka zauna a dogon benci a baranda, ni da Inna da matarsa. Wata ma'aikaciya na goge ƙasa, ta ce mu ɗaga ƙafa, muka ɗaga.

Can Inna ta juyo.

"Kai ka san mota. Me ya faru?"

Na buɗe baki. Na dubi hannunta, yana ta murza bakin mayafi.

"Abin nan ne na ranar Alhamis?"

Matar Yaya ta ɗago kai.

Na ce, "Giya ya ja a maimakon famfo."

Gaskiya ce. Inna ta daɗe tana kallona. Ba ta sake tambaya ba, har yau.

Wata biyu da kwana tara ya yi a can. Mai motar ya zo dubiya sau biyu, ya sa an gyara ƙofa, ya ba wani direba. Da aka kawo min ita gareji na ce a kai wa wani. Duk wanda ya tambayi Yaya, amsa ɗaya yake bayarwa: hannunsa ne ya kuskure. Ko sau ɗaya bai ambaci waya ba.

Yanzu yana gida. Ƙafar dama tana ɗan motsi, ta hagu babu. Likita ya ce a jira a gani, ya faɗa yana kallon takarda. Matarsa ba ta iya ɗaga shi, don haka wanka nawa ne. Kowace safiya kafin in tafi gareji nakan dafa ruwa, in kai bokiti banɗaki, in ajiye kujerar roba. Sai in shiga ɗakin gaba in durƙusa a bakin gado, ya saƙalo hannuwansa a wuyana, in miƙe da shi. Satin farko sai da maƙwabci ya kama min. Yanzu ni kaɗai nake yi, kuma ba ƙarfi na ƙara ba.

Shekaranjiya na zaunar da shi, na cire masa riga. Tabon ɗinkin ya bi ta ƙugu ya zagaya baya. Na tsoma soso na tsaya.

"Yaya."

"Mm."

"Ranar nan da na haɗa wayar…"

Bai juyo ba. Yana kallon bango inda siminti ya tsage. A tsakar gida 'yarsa na jan wani gwangwani a ƙasa tana yi masa kukan mota.

"Da na ƙi, da…"

"Auta."

"Na'am."

"Cuɗa min bayan. Ruwan na hucewa."

Na cuɗa.